Inuwar da Ke Kusurwar Hagu

Kafin ka ga Anti Wanki, sikanarta za ka fara ji. Tsohuwar na'ura ce mai murfi ruwan toka. Idan aka ɗora mata takarda sai ta yi gurnani kamar mai ciwon ciki, fitilarta ta bi ƙarƙashin gilashi a hankali har ƙarshe, sannan ta dawo da gudu ta yi ƙas. Shagon ɗaki ɗaya ne a ƙarƙashin bene, tsakanin mai gyaran agogo da wata ƙaramar maɗaba'a. A ciki akwai tebur, da kwamfuta, da kujerun roba biyu na masu jira, sai labule mai kauri da ke rufe taga tun safe, don kada rana ta taɓa allon kwamfutar ta yi mata ƙarya game da launi.

Sunan ta same shi ne tun zamanin mahaifinta, wanda ya yi situdiyon hoto a wannan ɗakin. Shi yana ɗauka, ita tana wankewa a ɗakin duhu, hannunta kullum da warin magani. Da aka daina amfani da fim ta sayar da tasoshin wankin, ta sayi kwamfuta, ta koya wa kanta manhajar gyaran hoto tana da shekara arba'in da 'ya'ya uku. Sana'ar ta canza, sunan ya ƙi tafiya. Doka ɗaya ta riƙe daga wurin tsohon: a gyara abin da ke bayan mutum, a bar masa fuskarsa yadda ya zo da ita.

Yanzu yawancin aikinta zane ne da tsofaffin takardu. Takarda ba ta taɓa fitowa fara daga sikana. Wani gefen ya yi duhu don murfi bai danne shi ba, tsakiya ta yi haske, inda aka taɓa ninkewa ya yi toka-toka. Masu gaggawa sukan ƙara wa hoton haske gaba ɗaya har duhun ya ɓace, layukan fensir masu laushi su ɓace tare da shi. Anti Wanki kuwa kwafin hoton take yi, ta dusashe kwafin, ta yi ta dusashe shi har layukan zanen su narke, ya zamana ba abin da ya rage sai duhu da hasken takardar, kamar hayaƙi. Wannan hayaƙin shi take kira datti. Sai ta sa manhajar ta cire dattin daga hoton farko. Takarda ta koma fara fat daga kusurwa zuwa kusurwa, layin fensir yana nan inda mai shi ya ja shi.

Tana da ɗabi'u biyu da kowa a gidanta ya sani. Da zarar mai kaya ya duba allo ya ce ya yi, sai ta goge hoton farko, don cikin kwamfutar ƙarami ne. Amma dattin ba ta goge shi, domin ba ya cin wuri, kuma ta ce da shi take gane yadda fitilar sikanar ke tsufa. Maigidanta, direban motar asibiti ne da ya yi ritaya, yakan ce ita kaɗai ce macen da ya sani da ke zubar da kaya ta adana ruwan wanki.

Wata Laraba da hantsi wata mata ta shigo da rigar aikin asibiti, tana rungume da akwatin ƙarfe. A unguwar Nas ake ce mata.

"Anti, sannu da aiki. An ce ke ce mai mayar da takarda fara."

"An faɗa daidai. Ajiye a nan, kada ki ɗora kan gilashin."

Zane arba'in ne na fensir. Kasuwa, aji, mai ɗinki a kan kekensa, akuya a kan katanga, yara a bakin famfo. Takardun sun yi rawaya, kowace da tabonta, an cusa su ba tsari. Mahaifin Nas ne ya zana su. Shekara talatin ya yi yana zana hotunan littattafan firamare, waɗannan kuwa na kansa ne.

"Littafi nake so a buga masa," in ji Nas. "Hawan jinin ido gare shi. Na dama ya tafi, na hagun kamar mai leƙe ta ramin makulli. Likita ya ce wata biyu, in an yi sa'a uku. So nake ya ga littafin da idonsa, ba a ba shi labari ba."

"Mako guda."

"Kwana biyu, Anti, don Allah. Yayana ya zo daga waje, ranar Asabar zai koma, shi zai tafi da takardun ya sa musu firam. Nan danshi ke cinye su."

Anti Wanki ta ƙirga takardun da ido, ta jawo kujera.

Ta yi ta ɗorawa tana saukewa, idonta a kan allo, takardar ba ta samun kallo sai na daidaita gefe. Kafin azahar ta lura da wani abu. A hotuna da yawa akwai wani duhu mai laushi a ƙasa ta hagu, wuri ɗaya, kusan girma ɗaya. Duk wanda ya daɗe a sana'ar ya san hukuncin wannan. Tabon da ke yawo na takarda ne, wanda ya tsaya wuri ɗaya na na'ura ne. Ta kai wa murfin sikanar mari.

Mai Inji, mai maɗaba'ar da ke kusa, ya leƙo da tawada har gwiwar hannu. Shi zai buga littafin.

"Me ta yi kuma, baiwar Allah?"

"Fitila ta fara mutuwa ta hagu."

"Ki saya mata likkafani mana. Wannan injin ya girme ni."

"Kai ma ai ana lallaɓa ka kana aiki."

Ta cire duhun tas. Ranar Juma'a Nas ta zo, ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya a allo tana cewa kamar yau aka zana su. Ta ɗauki akwatinta ta tafi. Kafin ta kai bakin titi Anti Wanki ta goge hotunan farko, kamar yadda ta saba.

Ranar Litinin Mai Inji ya fitar da kwafin gwaji, Nas ta kawo mahaifinta ya gani. Dogo ne siriri, hannunsa ɗaya a kafaɗarta, rigarsa a goge, fensir biyu a aljihu duk da ya daina zane. Aka zaunar da shi a kujerar roba. Anti Wanki ta ɗage labulen, abin da ba ta yi wa kowa. Ya kai shafin har hancinsa, ya karkata kai yana neman inda ganin ya rage, yana bin takardar kamar mai shara, daga sama zuwa ƙasa.

"Uhm. Akuyar nan ta maƙwabcina ce, ɓarauniya. Uhm. An yi aiki."

A shafi na tara ya tsaya. Zanen famfo ne. Ya matsa da takardar dama, ya matsa da ita hagu. Ya buɗe na goma, ya dawo.

"Ina take?"

"Wa, Baba?" in ji Nas.

"Uwarki."

"Baba, ai ba ka taɓa zana Mama ba. Hana ka ta yi."

"Fuska ta hana ni. Ban ji ta hana ni inuwa ba."

Ya ɗora yatsa a ƙasan shafin ta hagu, inda takardar ta yi fari fat. Ya yi bayanin ba tare da ya ɗaga murya ba, kamar mai kwatanta hanya. Teburinsa bango yake kallo, ƙofa na bayansa ta hagu, ta nan haske ke shigowa. Shekara talatin da takwas matarsa tana zuwa ta tsaya a ƙofar, ko da kofin shayi ko da magana, inuwarta ta faɗo masa a kan takarda.

"In ce, matsa, kin tare mini haske. Ta ce, hasken na ubanka ne? Kullum sai mun yi. Da ta rasu na zauna zan yi zane, takarda ta yi mini fari da yawa, hannuna ya ƙi tafiya. Sai na fere fensir, na dangwali garin da babban yatsa, na goga a nan. Shi ke nan na iya aiki. Tun ranar ba zanen da na fara ban sa ta ba."

Nas ta dafe baki. "Wallahi ni na ɗauka hannunka ne ke gogar takardar."

"Ke ai ba zane kike kallo ba, magani kike kallo."

Anti Wanki ta ce, "Ni na cire ta, Baba."

Ya juyo da kansa wajen muryar. "Da me, 'yata?"

"Da injin nan. Na ɗauka laifin fitila ne."

"To, ba komai. Mayar da ita."

Ta dubi Nas. "A dawo mini da takardun, yini ɗaya ya ishe ni."

Nas ta ce takardun sun riga sun tafi. Akwatin ya yi wa yayanta nauyi a kayan jirgin sama, sai ya haɗa shi da sauran kaya ya tura ta jirgin ruwa. Sati takwas aka ce masa, in ba a yi jinkiri ba.

"Na farkon da kika ɗauka fa, Anti?"

"Na goge."

Mai Inji, wanda ke tsaye a ƙofa, ya ja su biyun waje, suka bar tsohon da shafinsa. Ya sassauta murya.

"Ku ji nan. Ranar Alhamis nake ɗora aikin nan. In ta wuce, injina na takardun jarrabawa ne har wata biyu, ko uwata ce ta zo sai ta bi layi. Anti, ba kina da abin feshi a manhajar nan ba? Fesa toka-toka a kusurwar, minti goma. Mutumin da ke gani ta ramin makulli, ina zai bambance?"

Nas ta sunkuyar da kai.

"Shekara talatin da takwas ya yi yana kallonta," in ji Anti Wanki. "Ni ban taɓa ganinta ba. Me zan fesa?"

"To sai a buga haka nan fari."

"Ka ba ni zuwa Laraba da la'asar."

Washegari ta riga mai gyaran agogo buɗewa. Ta zaro farar takarda sabuwa daga fakiti, ta ɗora a gilashi ba komai a kanta, ta danna. Sikanar ta yi gurnaninta. Hoton ya fito kusan tas. Ɗan duhun da ke akwai a sama yake, ta dama. Kusurwar hagu lafiyarta ƙalau. Gwajin minti biyu ne, kuma shi ne abin da mahaifinta zai fara yi kafin ya zargi kowace na'ura. Ta daɗe tana kallon allon. Mai Inji ya rantse daga baya cewa ya gan ta tana shafa murfin sikanar kamar mai lallashin jaririya. Ta ce ƙura take gogewa.

Sannan ta buɗe ma'ajin datti. Duk arba'in ɗin suna nan. Tsohon yana sa hannu da shekara a ƙasan kowane zane, don haka ta jera su bisa shekara, abin da gaggawa ta hana ta yi tun farko. Ashirin da uku na farko ba su da komai sai tabo nan da can. Daga shekara shida da suka wuce, duhun ya fara, bai sake fashi ba. Goma sha bakwai ta ƙirga. Da yake layukan zanen sun narke, babu akuya babu famfo da za su ɗauke ido, siffar ta fito fiye da yadda take a takarda: kai, kafaɗa, da gwiwar hannu a lanƙwashe kamar ta mai riƙe da kofi.

Aikin da ya rage na haƙuri ne. Kowane datti abu uku ne a cakuɗe: duhun sikana, da tsufan takarda, da yatsan tsoho. Na sikana ta cire shi da hoton farar takardar nan. Na ninki da danshi ta bi su ɗaya-ɗaya tana sharewa da hannu, tana tsayawa inda kafaɗa ta fara. Abin da ya saura ta mayar da shi kan zanen da ta wanke, a daidai wurin da ya fito. Kowane ya ci mata kusan awa guda. Masu son a gyara musu hoton fasfo suka zo suka koma. Maigidanta ya kawo mata abincin rana, ya tarar da ita ta ƙura wa wani hayaƙi ido.

"Wannan kuma wace ce?"

"Ka gan ta?"

"Ga mace nan a tsaye, tana jiran a ce mata sannu."

"To ajiye kwanon ka tafi, ka tare mini haske."

Akwai abin da bai dawo ba. A takardar asali garin fensirin yana da ƙwaya-ƙwaya, har da siraran layukan babban yatsa. Dusashewar da ta yi ta narkar da su, ba manhajar da za ta fito da su daga hayaƙi. Tana iya yayyafa ƙwayar ƙarya a kai, akwai maɓallin yin haka. Ta buɗe shi sau ɗaya, ta duba, ta rufe.

Laraba da la'asar tsohon ya dawo. Kafin ta miƙa masa sabon gwajin ta faɗa masa.

"Baba, siffar taka ce, daga takardarka ta fito, ban ƙara ko ɗigo ba. Amma shatin yatsanka ya tafi. Wannan laifina ne, ba zan iya mayar da shi ba."

"Ba ni in gani. Ku masu inji kun cika jawabi."

Ya kai shafi na tara hancinsa. Ƙarar agogunan maƙwabci na shigowa ta cikin bango. Nas na tsaye da jaka a hannu. Mai Inji ya tsaya a ƙofa, ya tuna da zancen tare haske, ya matsa gefe.

"Ta yi ƙiba," in ji tsohon.

"Dusashewar ce ta baza gefenta, Baba. Zan iya ragewa kaɗan."

"A'a, bar ta. Da ranta ta so ta yi ƙiba, abin ya gagara. Har maganin ƙiba na saya mata, ke Nas ba ki sani ba."

"Na sani, Baba. Ni na zubar da shi."

Ya ci gaba da buɗewa. A kowane shafi sai ya fara duba kusurwar kafin ya dubi zanen. A na mai ɗinki ya daɗe.

"Wannan ba ita ba ce."

Anti Wanki ta leƙa shafin. "Ta hagu ce, Baba, a ƙasa, kamar sauran."

"Shayi ne. Ranar na manta ban sa ta ba, na kai hannu zan ɗauki fensir na ture kofi. Na ce to, ta rama. Cire shi, kada a buga mini shayi a littafi."

Mai Inji ya fashe da dariya har da dafa bango. "Anti, awa guda kika yi kina raya shayi!"

"Kai da ka ce ba zai bambance ba."

Ta cire shi nan take, tsohon yana zaune. Goma sha shida suka rage. Da ya gama ya daidaita shafukan a cinyarsa, ya ɗora babban yatsa a kusurwar na sama ya ɗan murza, sannan ya miƙa wa Mai Inji.

"Buga. Kada ka cika tawada, ba baƙa ba ce."

An ɗora aikin ranar Alhamis, aka ɗinke littafin a mako na gaba. Nas ta ce tsohon ya yi sati biyar yana duba shi a bakin ƙofa da safe, shafi biyu ko uku a rana. Daga baya sai ya koma buɗewa kawai, ya tambayi wanda ke kusa ko wane shafi ne. Jirgin ruwan ya yi sati goma sha ɗaya kafin ya isa. Yayan Nas ya ɗauki hoton zanen famfo da waya ya turo, shatin yatsan ya fito raɗau. Nas ta nuna wa Anti Wanki. Ta ƙara masa girma, ta duba sosai, ta mayar mata da wayar. Ba wanda ya yi maganar sake bugawa.

Anti Wanki tana nan a ƙarƙashin benen. Ta sayi ƙaramin ma'aji na waje da ake jonawa da kwamfuta, ta daina goge hoton farko, dattin ma ba ta daina tarawa ba. Maigidanta ya ce yanzu an samu ci gaba, ana adana kayan da ruwan wankin gaba ɗaya. Akwai farar takarda a cikin leda rataye a ƙusa kusa da taga, ita ce ke fara hawa gilashi kowace safiya. Kuma ta ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda take yi wa masu kawo aiki. Kwanan baya wani malamin makaranta ya kawo tsohuwar taswira da ya zana da hannu, duk ta yi dabbare-dabbare.

"Cikin duhun nan akwai wanda ka sa da kanka?"

Malamin ya dube ta, ya dubi taswirar. "Da kaina? Datti ne kawai, Anti."

"Sake dubawa dai. Ɗage labulen can, ka kai ta haske."